Kundin Aiki: Darajar Kwabo a Gasar Poka da Darajarsa a Teburin Kuɗi Hannu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aikin ya kai, saboda na lura cewa duk abin da ban rubuta shi a ranar da na yi shi ba, bayan mako biyu sai in neme shi a kaina in rasa. Aikin shi ne babi na huɗu na ɗan littafin da nake shirya wa ɗaliban da nake koya wa lissafi da yamma a Unguwar Rimi, kuma babin zai yi bayani ne kan yadda mutum yake yanke shawara alhali bai san abin da zai biyo baya ba. Na zaɓi wasan karta na poka ya zama misali, domin shi ne misalin da masu ilimin suka fara da shi. John von Neumann, wanda ya kafa harsashin lissafin dabarun wasa a 1928, ya saka wani sauƙaƙƙen nau'in poka a cikin babban aikin da suka fitar tare da Oskar Morgenstern a 1944, saboda a wasan akwai ɓoyayyen bayani, akwai burga, akwai kuma sa'a, abubuwa uku da babu su a wasan dara.

Ina so in rubuta matsayina tun daga shafin farko. Caca haramun ce, ayoyin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida ba su bar wani kokwanto ba, kuma babu sisin kwabo da zai shiga wannan aiki. Abin da nake nema shi ne lissafin, kuma ina da yaƙinin cewa yaron da ya fahimci lissafin zai fi wuyar yaudara a gaban shagunan caca da suka cika unguwanninmu.

Nau'in da na ɗauka shi ne Texas Hold'em. Katunan 52 ne, ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur, uku a karon farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Kafin a raba, mutum biyu suna yin zubin dole, ƙarami da babba, kuma wannan zubi yana zagayawa. Wanda layi ya zo kansa zai iya ajiye katinsa ya janye, ko ya amsa abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya tura duk abin da ke gabansa. Ana buga wannan wasa ta hanya biyu. A teburin kuɗi hannu, kowane kwabon roba da ke gaban mutum kuɗi ne tsaba, zubin dole ba ya canzawa, mutum yana iya tashi duk lokacin da ya ga dama, kuma idan kwabbansa suka ƙare yana iya sayen wasu. A gasa kuwa kowa yana biyan kuɗin shiga ɗaya, a ba kowa kwabbai daidai wa daida, zubin dole ya yi ta hawa, wanda nasa suka ƙare ya fita, sannan a raba kyauta gwargwadon matsayin da mutum ya ƙare. Tambayar babin ita ce ko hannu ɗaya, a gaban mutum ɗaya, yana bukatar shawara ɗaya a wuraren biyu. A yau zatona shi ne eh, in ban da 'yan bambance-bambance na gefe.

Laraba, 8 ga Janairu

Na gama rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python wanda yake raba kati ya kuma tantance hannun da ya ci. An ɗauke wuta tun la'asar, batirin kwamfutar kuma ba ya wuce awa ɗaya da rabi, don haka sai da na ƙarasa a shagon cajin waya da ke bakin layinmu, ina zaune kan benci hunturu yana busa mini ƙura a allon. Na gwada shirin da alƙaluman da aka riga aka sani. Hanyoyin da za a iya ba mutum kati biyu 1,326 ne, waɗanda suke komawa iri 169 idan aka haɗe masu ƙarfi ɗaya. As shi ne katin da ya fi kowane daraja, As biyu suna zuwa sau ɗaya cikin 221, kuma suna cin hannun da aka zaɓa da ka kusan kashi 85 cikin ɗari. Sakamakon shirin ya dace da waɗannan, saboda haka na amince da shi.

Sashen kuɗi hannu ya zo mini da sauƙi. Idan akwai 300 a tsakiya, abokin wasa ya zuba 100, to ana neman in biya 100 domin in ci 400, ke nan ina bukatar nasara sau ɗaya cikin biyar, wato kashi 20, kafin in tashi babu riba babu asara. Idan ina riƙe da katuna huɗu masu tambari ɗaya ina jiran na biyar a katin ƙarshe, katuna 9 ne za su taimake ni cikin 46 da ban gani ba, wato kashi 19.6. Ya gaza kaɗan, amma idan mu biyun muna da tarin kwabbai a baya, abin da zan ƙara ci a zagayen ƙarshe idan katin ya zo yana cike wannan giɓi. Haka abin yake ga mai ƙananan katuna biyu masu lamba ɗaya: na ukunsu yana fitowa a buɗewar farko kusan kashi 12 ne kawai, amma inda kowa yake da ninki 100 na babban zubi, biyan ninki 3 domin a gwada yana da ma'ana. Ƙa'idar a nan guda ɗaya ce, duk shawarar da matsakaicin sakamakonta ya haura sifili, komai ƙanƙantar hauhawar, a ɗauke ta, domin za a sake samun irinta sau dubbai kuma aljihu yana nan a baya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Jiya da daddare mun yi zaman gwaji na farko a zauren gidanmu, mu biyar: ni, da ƙanena, da wani abokina malamin kimiyya a wata sakandare a Kawo, da tsofaffin ɗalibaina biyu. Marafan lemo muka yi amfani da su, waɗanda yaran gida suka yi mako guda suna tsinto mini, muka ba kowane launi daraja, kowa ya tashi da 2,000. Zagayen farko mun yi shi irin na kuɗi hannu, wanda marafansa suka ƙare sai ya ɗebi wasu a kwano in rubuta a littafi. Abokina malamin kimiyya ya fi kowa iya wannan, domin yana lissafa rabon nasara a kansa cikin sauri kuma ba ya jin tsoron amsawa idan lissafin ya ba shi.

Zagaye na biyu mun yi shi gasa, da maki 50 ga na ɗaya, 30 ga na biyu, 20 ga na uku, na huɗu da na biyar ba su da komai. Bayan ɗaya daga cikin ɗaliban ya fita, muka rage mu huɗu da marafai kusan daidai, wajen 2,500 kowa. Ƙanena, wanda ya yi kusan rabin awa bai taɓa marafansa ba, ya tura duka. Abokina ya leƙa katinsa, ya ɗan yi jim, ya amsa. Sarauniya biyu ne a hannunsa, ƙanena kuma As da Sarki masu tambari daban. As ya fito a kati na huɗu, abokina ya tashi babu maki ko ɗaya. Yana tattara hularsa ya ce mini, «Malam, ka duba a kwamfutarka, ni ne a gaba da kashi 57, in an sake sau ɗari haka zan yi.» Na duba, na ce masa gaskiyarsa, sa'a ce kawai ta juya masa baya.

Amma na kwana abin yana ci mini rai, domin ni da ɗalibin da ya rage ba mu yi komai ba a wannan hannu, mun ajiye katinmu tun farko, sai ga shi kowannenmu ya tabbata yana da aƙalla maki 20. Wannan riba da muka samu muna zaune dole daga wani wuri ta fito. Da safe na koma kan alƙaluman babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka, wadda aka fara a 1970 a gidan wasan Benny Binion. A 2024 mutum 10,112 ne suka shiga, kowa ya biya dala 10,000, Jonathan Tamayo ya lashe ya karɓi dala miliyan 10 daga jimillar kyautar da ta ɗan haura miliyan 94. A lokacin da aka tashi, duk kwabban gasar suna gabansa, ɗari bisa ɗari, amma abin da ya karɓa bai kai kashi 11 na kuɗin ba. Da a teburin kuɗi hannu ne, wanda ya tattara duk kwabbai ya tattara duk kuɗi. Zaton da na rubuta ranar 4 ga wata ya rushe a nan, kuma ina ganin da wannan misali ya kamata babin ya buɗe.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na fara saka tsarin da ake kira ICM a cikin shirin, wato hanyar mayar da tarin kwabbai zuwa rabon kyauta. Asalinsa lissafin da David Harville ya fitar a 1973 ne domin tseren dawaki, daga baya Mason Malmuth ya kawo shi poka a 1987. Damar mutum ta zama na ɗaya ita ce rabonsa a cikin jimillar kwabbai, damarsa ta zama na biyu kuma ana samo ta ne ta hanyar cire wanda aka ƙaddara ya zo na ɗaya, a sake rabon a tsakanin sauran. Kwana biyu jimillar makin da shirin yake ba ni ba ta kai 100 ba. Sai yau bayan sallar isha'i na gano cewa ina cire mutumin daga jeri amma ina barin kwabbansa a cikin jimillar da nake rabawa da ita. Layi ɗaya ne, na gyara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yanzu alƙaluman sun zauna, kuma na sake bin su da biro a takarda domin in tabbata cewa ɗalibi zai iya yin su ba tare da kwamfuta ba. Misalin farko mutum uku ne masu 5,000 da 3,000 da 2,000, kyauta 50 da 30 da 20. Mai 5,000 yana riƙe da rabin kwabbai, amma rabonsa maki 38.39 ne. Mai 3,000 yana da 32.75. Mai 2,000, wanda kashi ɗaya cikin biyar kawai yake riƙe da shi, yana da 28.86. Idan aka raba, kowane kwabo 1,000 na mai ƙaramin tari yana ɗauke da maki fiye da 14, na mai babban tari kuwa bai kai 8 ba. Kwabon da ya hau kan tudu ya fi arha, na ƙasan tari shi ne mai tsada, domin shi ne yake riƙe mutum a kan kujera.

Sai na koma kan hannun abokina. Mutum huɗu, 2,500 kowa, rabon kowa maki 25. Idan biyu suka tura duka, wanda ya ci zai zama mai 5,000 a gaban masu 2,500 biyu, kuma rabonsa zai zama 38.33. Ya ninka kwabbansa, amma makinsa ya ƙaru da 13.33 ne kawai, alhali ya saka 25 a haɗari. Sauran 11.67 sun tafi wurin mutum biyun da suka ajiye kati, kowa ya tashi daga 25 zuwa 30.83, kuma wannan ita ce ribar da na kwana ina neman tushenta. Domin amsawa ta biya kanta a wannan wuri, sai mutum yana da damar nasara ta 25 cikin 38.33, wato fiye da kashi 65, idan aka ajiye ɗan abin da zubin dole ya ƙara a tsakiya. Da kashi 57, matsakaicin abin da abokina zai samu maki 21.85 ne, ƙasa da 25 da yake da su idan ya janye. A teburin kuɗi hannu kuwa wannan amsa tana ba shi matsakaicin 2,850 a kan 2,500 da ya zuba, ribar 350 da babu mai hankalin da zai bari.

Na kai masa takardar har gida a Kawo da yamma. Ya bi ta layi-layi da yatsa, sannan ya kawo hujjar da ta sa na ƙara sashe guda a babin. Ya ce ai lokacin da ya amsa bai ga katin ƙanena ba, kuma Sarauniya biyu suna cin hannun da aka zaɓa da ka kusan kashi 80, wanda ya haura 65 da nisa. Gaskiya ne, kuma da wanda ya tura mutum ne mai tura kowane kati, amsawar daidai ce. Sai dai ƙanena ya yi rabin awa yana jira, irinsa ba ya turawa sai da As da Sarki ko manyan tagwaye, kuma a gaban Sarki biyu ko As biyu, Sarauniya biyu ba su kai kashi 20 ba. Abin da lissafin yake yi shi ne ya ɗaga shingen daga kusan 50 zuwa 65, sauran aikin na karanta mutum ne. Daga nan kuma aka samu abin da David Sklansky ya yi suna da bayyanawa, cewa hannun da ake bukata domin amsa turin wani ya fi ƙarfin wanda ake bukata domin fara turin. Wanda ya fara yana da hanya biyu ta cin nasara, ko a janye masa ko katinsa ya ci, mai amsawa kuwa hanya ɗaya gare shi. A bakin gaɓar kyauta, wato lokacin da wanda zai fita na gaba zai tashi babu komai sauran kuma su samu, wannan tazara tana faɗaɗa sosai, shi ya sa mai babban tari yake iya takura wa masu matsakaici, domin su ne suke da abin asara mai yawa kuma shi ba za su iya fitar da shi ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na je gaida kawuna a shagonsa na gwanjo a Kasuwar Barci, na tarar labari ya riga ni zuwa. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, «Ɗan nan, an ce ka tara yara a zaure kuna karta?» Na ce, «Allah ya ja kwana Kawu, marafan lemo ne da littafin maki, lissafi nake haɗawa.» Na yi masa bayanin yadda zan iya, ban yi zaton zai kama ba, sai ya nuna mini dila biyu da ke jingine a bango ba a kwance su ba. Ya ce dila ɗaya daga wajen da ya saba saye take, kayanta matsakaita ne amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ɗayar kuma irin wadda wani lokaci za ka kwance ka samu kaya masu kyau da za su ninka kuɗinka, wani lokaci kuma rabinta tsumma. A lissafin shekara ta biyun ta fi riba, kuma shi yana sayenta domin yana kwance dila da yawa, wadda ta ɓaci wata za ta rufe ta. Amma yaron da ya yaye bara, wanda jarinsa bai wuce kuɗin dila ɗaya ba, ya hana shi taɓa ta, domin idan ta farko ta zo da tsumma babu ta biyu.

Na rubuta wannan a bayan takardar rasit kafin in tashi. Shi ne bambancin da nake ta kewayawa: kawuna yana zaune a teburin kuɗi hannu, yaronsa yana cikin gasa. Masu lissafi sun daɗe da wannan tunani, Daniel Bernoulli ya rubuta a 1738 cewa amfanin ƙarin dukiya yana raguwa gwargwadon yawan abin da mutum yake da shi, John Kelly kuma a 1956 ya fitar da ƙa'idar yawan jarin da ya kamata a saka a harka mai haɗari domin kada jarin ya karye. Zan saka su a babin, amma da dilar zan fara, saboda babu ɗalibina da bai taɓa ganin ana kwance ta ba. Kawu bai janye ƙin da yake yi wa kartar ba, ya ce in tabbata yaran sun san inda hanyar take kaiwa, kuma na yi masa alkawarin haka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zaman gwaji na biyu ya nuna mini cewa na kusa koyar da rabin gaskiya. Bayan bayanin da na yi musu kan kashi 65, kowa ya zo da niyyar jira. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ajiye kati sau goma sha wani abu a jere, ni kuma ina ninka zubin dole duk bayan minti 15 da agogon waya, har marafansa suka koma abin da bai fi ninki biyu na babban zubi ba. Da ya tura daga ƙarshe, babu wanda ya ji tsoron amsawa, mutum biyu suka shiga, ya fita na huɗu. A teburin kuɗi hannu haƙuri ba ya da tsada, zagaye guda yana cin ninki ɗaya da rabi daga cikin 100, mutum yana iya zama awa guda yana jiran kati mai kyau. A gasa agogo yana ci daga tarin mutum ko ya yi wasa ko bai yi ba.

Akwai ma'aunin da Paul Magriel ya ƙirƙiro, Dan Harrington ya yaɗa shi, ana kiransa M: a raba tarin mutum da abin da zagaye guda na tebur yake ci. Mai 12,000, inda zubin dole yake 500 da 1,000, da ƙarin zubi na 1,000 da yawancin gasanni suke ɗora wa mai babban zubi a yanzu, zagaye yana cin masa 2,500, M ɗinsa 4.8, wato bai kai zagaye biyar ba zai ƙare ko da bai taɓa kati ba. Amma wannan 2,500 ɗin da ke tsakiya kafin a raba kati ya fi kashi ɗaya cikin biyar na tarinsa, don haka idan ya tura duka aka janye masa, ya samu babban ƙari ba tare da an buɗe kati ba. Shi ya sa idan tari ya sauko wajen ninki 10 na babban zubi, wasan yake komawa tura duka ko ajiyewa, kuma dabarun da na lissafa ranar 8 ga Janairu, irin su biyan kaɗan domin jiran kati na uku, suke daina aiki, tunda babu tarin da za a ci a baya. Dole mutum ya tura tun tarinsa yana da girman da zai tsorata wani. Abin da ya kamata ɗalibin ya ɗauka daga lissafin ranar 1 ga wata shi ne ya rage amsawa, sai ya rage komai.

Na kuma lissafa misali mafi tsanani domin ƙarshen sashen, irin gasar share fage inda kyautar kujera ce a babbar gasa kuma duk waɗanda suka tsallake abu ɗaya suke samu. Ta irin wannan hanya Chris Moneymaker ya shiga gasar 2003, ya lashe dala miliyan 2.5 a cikin mutum 839. A ɗauka mutum huɗu suka rage, kujeru uku, tarin 4,500 da 4,500 da 900 da 100. Damar mai 4,500 ta zama na ƙarshe, bisa wannan tsari, ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Idan ɗaya mai 4,500 ya tura duka, kai kuma, ɗayan mai 4,500, kana riƙe da As biyu, amsawa tana nufin ka karɓi haɗarin fita na wajen kashi 15, domin neman kwabban da ba za su ƙara maka komai ba. Daidai shi ne ka ajiye hannun da ya fi kowane ƙarfi a wasan. Abokina ya karanta wannan sau biyu, ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba amma bai ga kuskure a lissafin ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Daftarin babin ya kai shafi 14. Na ƙara sashe kan inda bambancin yake raguwa, domin kada ɗalibi ya ɗauka cewa kashi 65 doka ce ta ko'ina. A farkon babbar gasa, lokacin da tarin kowa yake da zurfi kuma kyauta tana da nisa, wasan yana kusa da na kuɗi hannu. Idan mutum biyu kawai suka rage, kowa ya riga ya mallaki kyautar na biyu, abin da ake takara a kai shi ne ratar da ke tsakani, kuma darajar kwabo tana komawa miƙaƙƙiya. Haka ma gasar da na ɗaya yake kwashe komai. Na kuma rubuta gazawar tsarin ICM a fili: yana ɗaukar kowa da ƙwarewa ɗaya, bai san wanda babban zubi zai faɗa wa a hannu na gaba ba, kuma bai ƙirga amfanin da mai babban tari zai ci gaba da samu ta hanyar takura wa sauran ba. Wani abin da ya ja hankalina shi ne, manhajar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 a 2017, an riƙa mayar da tarin kowa 20,000 ne a farkon kowane hannu, wato an cire mata matsalar fita gaba ɗaya, wadda ita ce matsalar da babina yake magana a kai.

Sashen da na yi wa Kawu alkawari na rubuta shi da alƙaluman gasar 2024. Daga kowace dala 10,000 da aka biya, 9,300 ne suka shiga kyauta, 700 suka tsaya a hannun masu shirya gasar da ma'aikatansu. Kusan kashi 15 na mahalarta ne suka samu wani abu, mafi ƙanƙanta dala 15,000, sauran kusan kashi 85 suka koma gida hannu rabbana. A teburin kuɗi hannu ma gidan yana yankar kasonsa daga abin da aka tara a tsakiya. Ta kowace hanya, jimillar abin da 'yan wasa suke fita da shi ba ta kai abin da suka shigo da shi ba, kuma na sa wannan ya zama aikin gida na farko, ɗalibi ya lissafa da hannunsa.

Azumi yana ƙaratowa a ƙarshen makon nan, don haka na tattara marafan a gwangwani na ajiye zaman zaure har bayan salla. Abin da ya rage shi ne in faɗaɗa shirin ya ɗauki mutum tara da kyauta biyar, domin yadda na rubuta shi yana bin duk jerin matsayi ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin mutum tara 362,880 ne, wanda tsohuwar kwamfutata take jinkiri a kai idan na nemi ta maimaita shi sau da yawa. Sannan akwai tambayoyi shida na ƙarshen babi da ban rubuta amsoshinsu ba, kuma abokina ya karɓi daftarin zai duba mini lissafin sashe na uku kafin ranar Juma'a.